Na tatsa na daskarar, to yaya masu raino za su narkar masa ba tare da ya lalace ba?

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah shawara nake nema. Yarona watansa uku da sati biyu, hutun haihuwata zai ƙare ƙarshen watan nan, a kamfani nake aiki ba gwamnati ba. Burina ya cika wata shida a nono zalla. Na fara tatsa ina sawa a firiza, yanzu na tara wajen leda ashirin. A wani gidan raino a Barnawa zan riƙa ajiye shi daga ƙarfe takwas zuwa huɗu. Damuwata wuta da zafin nan, sannan da na tambayi matar wajen yadda za su ɗumama, ta ce a ruwan zafi na fulas za su tsoma, wanda ya rage kuma su ajiye masa sai anjima. Surukata kuma ta ce nonon da ya fita daga jiki ya kwana ai ya zama guba. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana shi ya sa albarka. Tambayarki in na fahimta kashi uku ce a dunƙule, nonon da aka tatsa yana ajiyuwa ko baya ajiyuwa, in yana ajiyuwa ya za a yi da shi a garin da wuta ba ta da tabbas, sannan me za a ce wa masu rainon su yi da shi in ya shiga hannunsu. Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren mata da jarirai a nan Kaduna, ni ma kuma na tatsa wa nawa yaran lokacin da nake zuwa aikin dare, to abun da zan faɗa miki wani daga ƙa'idar da aka koya mana ne, wani kuma daga abun da idona ya gani.

Bari mu fara da Hajiya surukarki, don in hankalinta bai kwanta ba ke ma naki ba zai kwanta ba. Kada ki yi musu da ita. A zamaninsu babu firji a yawancin gidaje, nonon da aka tatsa a ƙwarya aka bari ya kwana a ɗaki lallai zai lalace, kinga abun da ta sani gaskiya ne a yanayin da ta sani. Abun da ya canza sanyi ne. Ruwan nono yana da abubuwan da suke yaƙar ƙwayoyin cuta a cikinsa, shi yasa ma ya fi madarar gwangwani da aka dama juriya nesa ba kusa ba, amma juriyar tana da iyaka kuma zafi ne yake cinye ta. Ki nuna mata ledar da rubutun kwanan wata a jiki, ki bari ta ga yadda kike wanke hannu kafin ki tatsa, sau da yawa ganin tsaftar kaɗai yake sauko da iyayenmu.

Lissafin awanni da kwanaki

Ƙa'idar da muka fi aiki da ita ita ce ta hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka, ga jariri mai lafiya wanda aka haifa watanninsa cikakku. Nonon da aka tatsa yanzu yana iya zama a ɗaki har awa 4, amma ɗakin da sanyinsa bai wuce digiri 25 ba. A firji mai digiri 4 yana kai kwana 4. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili ya fi kyau a sha shi cikin wata 6, duk da ana iya kaiwa wata 12. In kuma ƙaramin firjin nan ne mai ƙofa ɗaya da ɗan akwatin ƙanƙara a sama, kada ki wuce sati 2 da shi a wajen. A kula mai ƙanƙara sosai kuma yana iya kai awa 24.

Toh amma ki dubi waccan digiri 25 ɗin da kyau. A Kaduna cikin hunturu, Disamba da Janairu, ɗaki yana iya zama haka. Amma Maris da Afrilu, da rana tsaka zafi yana haura 35, ga kwanon rufi yana ƙara nasa, wannan awa huɗun ba namu ba ne a lokacin. Ni abun da nake cewa mata shi ne a bazara kada nono ya wuce awa biyu a waje, ana tatsa a kai shi sanyi, in babu wuta a sa shi a kula, in babu kula ma a rufe kofin ruf a tsayar da shi cikin kwano mai ruwan randa a inuwa kuma a ba yaro da wuri. Wannan nawa takatsantsan ɗin ne saboda yanayinmu.

Wanda ya daskare aka narkar kuma lissafinsa daban ne, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Daskarewa tana rage masa wani ɓangare na wancan ƙarfin kare kansa, saboda haka da zarar ya gama narkewa a firji awa 24 kacal gare shi, ana ƙirgawa daga lokacin da ƙanƙarar ta gama narkewa ba lokacin da kika ciro shi ba. In ya fito waje ya huce ko an ɗumama shi, awa 2. Kuma wanda ya narke sarai ba a mayar da shi firiza, ko da kuwa leda guda ce cur ba a taɓa ba.

Kada firiza ta zama ita ce madogararki

Leda ashirin ɗin nan kin yi ƙoƙari wallahi, na san dare nawa kika hana idonki barci kafin ki tara su. Amma shawarata ki ɗauke su a matsayin ajiyar ko-ta-kwana, tsarin yau da kullum ya zama na yau shi ne na gobe. Abun da kika tatsa a ofis ranar Litinin ki kawo shi a kula, ya kwana a firji, shi zai sha Talata. Na Talata ya sha Laraba, haka har Juma'a. Na Juma'a zai iya jira a firji zuwa Litinin in wutarku tsayayya ce ko kuna da sola, in ba haka ba ki daskarar da shi ki ciro tsohuwar leda ɗaya ko biyu ranar Lahadi da dare, kinga ajiyar tana juyawa kenan, tsoho yana fita sabo yana shiga.

Dalilina biyu ne. Na farko wanda bai daskare ba ya fi amfani a jikin yaro. Na biyu kuma nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake cire shi, in kika dogara da firiza kika daina tatsa a wajen aiki, cikin 'yan kwanaki jiki zai ɗauka yaro ya rage sha, ruwan ya ja baya, ajiyar ta ƙare, sai a wayi gari ana neman kuɗin madara. Na ga wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Awa takwas ɗin nan ki tatsa sau biyu, in da hali sau uku. Gwamnatin jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwar ma'aikatanta wata shida tun 2019, ku na kamfani abun bai kai ku ba, amma Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki, haƙƙinki ne, ki je ki yi maganar cikin mutunci tun kafin ki koma, ki nemi ɗan ɗaki mai ƙofa, ba banɗaki ba.

Maganar wuta kuwa, firizar da take cike in ba a buɗe ta tana riƙe sanyi wajen awa 48, in rabi ce wajen awa 24, firji kuma awa 4 ne kawai. To ki cike gurbin da ya rage da ledojin fiya wata su daskare, su ne za su riƙe miki sanyi, su ne kuma ƙanƙarar kularki da safe. Ledojin nonon ki zuba su cikin roba mai murfi ki tura can ƙasa ko can ciki, ba bakin ƙofa ba, nesa da ɗanyen nama da kifi. In firizar gidan ce ake sana'ar zoɓo da kunun aya da ita ana buɗewa sau hamsin a rana, gaskiya wannan ba wajen ajiyar watanni ba ne.

Akwai wata dabara da nake koya wa mata. Ki kwantar da ledar ta daskare a shimfiɗe kamar faifai, bayan ta daskare ki tsayar da ita. Duk ranar da kika buɗe kika ga nonon ya taru a gindin leda ya daskare a haka, to ya narke a bayan idonki ya sake daskarewa, wannan ba a ba yaro. Wata baiwar Allah da nake dubawa sun yi tafiyar Sallah kwana biyar, taransifomar unguwarsu ta lalace aka gyara kafin su dawo, ta tarar da komai a daskare tsaf, da ba don tsayuwar ledojin nan ba da bata taɓa sanin abun da ya faru ba. Ta yi kuka ranar, ni ma sai da na ji abun a raina, amma gara asarar nonon da kwanciya asibiti da jariri mai gudawa. In kuma kika tarar ya fara narkewa amma har yanzu da ƙanƙara-ƙanƙara a cikinsa, wannan ana iya barinsa ya sake daskarewa.

Wajen zubawa, ki riƙa yin kaɗan-kaɗan, mil (wato mililita) 60 zuwa 120 a kowace leda, ki bar ɗan fili a sama don yana kumbura in ya daskare. Ledar da aka yi don nono ko roba mai murfi ta abinci, banda farar ledar ƙulla kunu. Kada kuma ki zuba mai ɗumi da kika tatsa yanzu a kan mai sanyi, ki bari shi ma ya yi sanyi tukunna sannan ki haɗa, kwanan watan na farkon shi ne kwanan watansu.

Narkarwa da ɗumamawa

Abun da na fi so shi ne masu raino kada ma su ga ƙanƙara. Ke ki narkar a gida, ki ciro daga firiza da dare ki sa a firji, yana ɗaukar wajen awa 12, da safe ki juye a kofuna ko fidoji masu murfi, kowanne shan sau ɗaya, ki jera a kula. Duk aikin da kika rage musu kuskure kika rage. Mace ɗaya da jarirai biyar ko shida suna kuka lokaci guda ba za ta tsaya jiran leda ta narke a hankali ba, ba don mugunta ba, hannu ne ya yi mata kaɗan, shi yasa take tunanin ruwan fulas.

Ruwan fulas ɗin nan shi ne matsalar, tafasasshe ne. Zafi mai yawa yana kashe abubuwan kariyar da saboda su kike wannan wahalar gaba ɗaya, yana iya ƙona bakin yaro, ledar ma tana iya fashewa. Gyaran mai sauƙi ne, ta zuba ruwan fulas ɗin a kwano ta sirka da na sanyi har ya zama wanda za ta iya barin hannunta a ciki ba tare da ta ji zafi ba, sannan ta tsayar da kofin a rufe a ciki na 'yan mintuna, ruwan kada ya kai bakin murfi. Ta ɗiga a cikin wuyan hannunta, in ta ji kamar ɗumin jiki shikenan. Ba a ɗora shi a kan risho ko gas, ba a sa shi a maikurowef don yana yin zafi wani waje wani waje da sanyi, ba a kuma ajiye shi a taga rana ta narkar. In dole ta sa sai an narkar da daskararre a wajen, haka za a yi da ruwan ɗumi ana canzawa in ya huce, kuma daga nan awa 2 ne.

Sannan ba wajibi ba ne a ɗumama. Yara da yawa suna sha da ɗan sanyinsa ba abun da yake musu, ba ya sa mura ba ya sa ciwon ciki, in naki ya karɓa a haka kin huta.

Ki gaya musu tun yanzu za su ga nonon ya rabu biyu, maiƙo a sama ruwa-ruwa a ƙasa, wani lokaci ya yi ɗan shuɗi-shuɗi ko ɗorawa. Ba lalacewa ba ce, su juya kofin a hankali zai haɗe. Na taɓa ganin mai raino ta zubar da na yini guda saboda wannan, ta ɗauka ya tsinke irin na shanu. Wanda ya lalace warinsa tsami ne mai hawa kai, kuma ko an juya guda-guda yake zama.

Wani abu kuma da nake roƙonki ki yi a satin nan ba sai kin koma aiki ba, ki narkar da leda ɗaya ki shinshina ki ba shi. Nonon wasu matan in ya daskare yana yin wari kamar na sabulu saboda maiƙon cikinsa yana warwarewa, ba ya cutarwa, yara da yawa basu damu ba, amma wasu suna ƙi ƙememe. Gara ki sani yanzu da leda ashirin da ki sani ranar farko kina ofis ana kiranki yaro ya ƙi sha. In ya ƙi, ki gwada haɗa masa da sabo. In har yanzu ya ƙi, wanda za ki tatsa nan gaba ana ɗan ɗora shi a wuta har ƙananan kumfa su fito a gefen tukunya, ba tafasa ba, a sauke a sanyaya da sauri sannan a daskarar. Yana rage masa wani amfanin, don haka sai in ya zama dole.

Ragowar da ya sha ya bari

Nan kam babu sassauci. Da zarar bakin yaro ya taɓa, ƙwayoyin cutar bakinsa sun shiga, awa 2 ne, bayan nan a zubar. Na goma na safe ba a ajiye shi sai la'asar, ba a kuma juye shi a kan na gaba. Na san zubar da nono yana da ciwo, maganin shi ne ƙananan kofuna. Yaro mai wata uku zuwa shida yawanci yana shan wajen mil 750 a yini da dare gaba ɗaya, wani ya fi wani, to na awa takwas ki fara da kofi uku na mil 90 zuwa 100 da ƙarami ɗaya na mil 50 na ƙari, ki shayar da shi a bakin ƙofa kafin ki tafi, ki shayar da shi kina dawowa, cikin sati guda za ki gane ma'auninsa.

Ki kuma ja musu kunne da kyau, in nonon ya ƙare ke za a kira, kada a ba shi ruwa, kada a dama masa madara ko koko, balle zuma wadda ba a ba yaron da bai shekara ba sam. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, ko a zafin Afrilu ya ishe shi. Wannan sai kin maimaita, don tausayi ne yake sa su ba da ruwan.

Kofi ko fida? Ni ƙaramin kofi na fi so, Hukumar Lafiya ta Duniya ma shi ta fi ƙarfafawa, saboda ya fi sauƙin wankewa, kan fida yana ɓoye datti. A zaunar da yaro a cinya a ɗan tsaye, bakin kofi a leɓensa na ƙasa, nonon ya taɓa leɓen ya riƙa zuƙa da kansa, ba ɗura ba. In fida ce a riƙe shi a hannu, kada a jingina masa ita da filo a tafi. Kayan shan kuma ke ki dawo da su gida ki wanke da sabulu ki tafasa aƙalla minti 5, kada ki bar musu wankin. Su dai su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa, musamman bayan canza famfas.

Suna a jikin kowane kofi

Ki manna filasta ki rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, da ranar da aka tatsa, da lokacin da ya narke, a jikin kofin da kuma murfin. Sunan yanka kaɗai bai isa ba, a ɗaki ɗaya sai ki samu yara uku masu suna ɗaya, fidojin kuma duk daga kasuwa ɗaya aka sayo su kala ɗaya. Na san wani gidan raino da aka yi musayar nan, mai rainon ta ji tsoro ta yi shiru sai daga baya maganar ta fito, ɓoyewar ta fi kuskuren ɓata wa iyayen rai.

Ta fuskar lafiya haɗarin ɗaukar cuta daga sha ɗaya ƙanƙani ne, amma dole a gaya wa iyaye biyun a ranar, a je a ga likita a duba ko akwai abun da ya kamata a gwada ko wani magani da mai nonon take sha. Mu kuma muna da wani dalilin da littattafan da muka karanta a makaranta basu kawo ba, 'yan'uwantakar shayarwa. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi ba a sharɗanta sha biyar ba, in nonon ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa ko ta kofi ne ana lissafa shi. Hukuncin na malamai ne, su za a kai wa in ya faru, amma ko don wannan kaɗai ya kamata a ce kowane yaro da kularsa ko robarsa daban, kuma in an yi kuskure a faɗa a rubuta. Ki faɗa wa matar da bakinki cewa in hakan ta faru ba za ki yi mata faɗa ba muddin ta gaya miki, wannan kalmar tana aiki fiye da yadda kike zato.

Duk wannan lissafin na yaro mai lafiya ne. In bakwaini ne, ko an taɓa kwantar da shi, ko yana da wata larura, ƙa'idar ta fi haka tsauri kuma likitan da yake ganinsa shi zai yanke, ni daga nan ban ga yaronki ba ban kuma ga firjin gidan rainon ba. Shi yasa nake so kafin ranar komawa ki ɗauki yini ɗaya ki je ki zauna da su, ki buɗe firjin ki taɓa ki ji, ki tambaya in an ɗauke wuta janareta nasu yana ɗaukar firji ko fanka kawai, in baya ɗauka nonon ya zauna a kularki a rufe su riƙa ciro ɗaya-ɗaya. Ki sirka ruwan a gabanta, ki bari ta ba shi a gabanki, ki rubuta awannin nan da Hausa a takarda ki manna a murfin kular. Bayan kin fara kuma ki riƙa lura da fitsarinsa, in yana jiƙa famfas wajen sau shida a yini da dare kuma awon kilo yana hawa, yana samun abun da ya ishe shi. In kika ga gudawa, amai, zazzaɓi ko ya yi laushi ya ƙi sha, kada ki tsaya binciken wace leda ce, ki kai shi asibiti a ranar.